Farasitamol Yana da Iyaka: Nasiha ga 'Ya'yana na Tambuwal da Kebbe

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, na Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi da ƙauyukan da ke bayansu. Magana nake so mu yi a kan abin da kowannenku ya sani, wanda da wuya a shiga ɗaki a ƙasar nan a rasa shi, ko cikin kwalla, ko ƙarƙashin matashi, ko a aljihun maigida. Farasitamol nake nufi, wanda da yawanmu ke kira Panadol ko da wane kamfani ne ya yi shi.

Ban zo in ɓata muku shi ba. Na yi shekaru ina aikin asibiti a karkara, na kuma ga rahamar da Allah ya sa a cikinsa. Yana saukar da zafin jiki, yana kwantar da ciwon kai da na haƙori da na gaɓoɓi, ba ya cin ciki kamar wasu 'yan uwansa, mai juna biyu tana iya sha, mai shayarwa ma haka, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Tun da aka fara sayar da shi a Amurka da Ingila a shekarun 1950, har yau ba a samu maganin zazzaɓi da ya fi shi sauƙin sha'ani ga yaro da babba ba. Sai dai wannan sauƙin nasa shi ne ya sa muka raina shi, har wasu ba sa lissafa shi cikin magunguna. Ka tambayi mara lafiya, "Ka sha wani magani?" ya ce maka a'a, sai ka matsa masa sannan ya ce, "Ai farasitamol ne kawai." Wannan "kawai" ɗin ita ke damuna, don ta hanya biyu ake cutuwa da shi: ko a wuce iyakarsa, ko a dogara da shi har cuta ta ci jiki.

Mu fara da iyakar babba. Ƙwayar da aka saba sayarwa miligiram 500 ce. Babban mutum mai cikakken jiki yana shan 1 ko 2 a lokaci guda, sannan ya jira awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara. Daga safiyar yau zuwa safiyar gobe kada ya wuce ƙwaya 8. Ku riƙe wannan adadin da kyau, kuma ku sani shi ne ƙarshen iyaka, ba a ce dole sai an kai can ba. Wanda jikinsa ƙarami ne, nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da tsoho ko tsohuwar da ƙarfi ya ja baya, da wanda jinya ta ramar, ƙwaya 1 ta ishe su a lokaci guda. Ƙwaya 3 ko 4 a tashi ɗaya ba sa ƙara saurin sauƙi ko kaɗan. Hanta kawai suke ɗora wa kaya.

Na san halin damina. Mutum ya wuni sunkuye a gonar gero ko a fadamar shinkafa, ya dawo kwankwaso kamar zai rabu biyu, gobe kuma aiki na jiransa. Sai ya biya kemis ya ce, "Haɗa mini na gajiya." A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, fara da ja da rawaya, babu kwali babu suna, ya watsa baki ya kora da ruwa. Ɗana, wannan haɗin shi ne abin da na fi jiye maka tsoro. Kai ba ka san abin da ke ciki ba, kuma sau da yawa akwai farasitamol a ciki fiye da sau ɗaya, kowanne da irin rigarsa. Panadol Extra farasitamol ne da aka ƙara wa sinadarin da ke cikin kofi. Boska ma yana ɗauke da shi. Procold da Mixagrip da muke sha don mura duk akwai shi a ciki. Ibucap ma haka. Ka ga mutum zai sha Panadol 2 da safe, 2 da azahar, ya sha na mura sau 3, da dare ya ƙara da haɗi, kafin asuba ya sake 2, ya wuce ƙwaya 8 nesa, alhali a ransa magunguna daban-daban ya sha. In aka yi haka kwana ɗaya wataƙila jiki ya jure. In aka jera kwanaki, abin yana taruwa. Don haka duk maganin da za ka saya, ka juya kwalin ka duba ko an rubuta Paracetamol, ko Acetaminophen a kan waɗanda suka fito daga Amurka, abu ɗaya ne. In ba ka karatun boko, ka sa mai kemis ko ɗanka ɗan makaranta ya duba maka.

Azumi ma yana da tasa maganar. Wasu sukan sha ƙwaya 4 da sahur wai su yi tanadin wuni. Magani ba ya tanaduwa haka. Bayan awa 6 aikinsa ya ƙare, ko nawa ka sha. In akwai bukata, 2 bayan buɗa-baki da 2 da sahur sun wadatar. Sau da yawa ciwon kan azumi a lokacin zafi ƙishirwa ce, ruwa isasshe tsakanin magariba da asuba ya fi ƙwaya amfani. Wanda kuma zazzaɓi ya kwantar, addini ya yi masa rangwame, ya tuntuɓi malamai.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa a ciki, don wanda ya san dalili ya fi kiyayewa. Duk farasitamol ɗin da ka haɗiye, hanta ce ke sarrafa shi. Mafi yawansa tana narkar da shi lafiya ya fita ta fitsari. Ɗan kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama guba, amma Allah ya ajiye wa hanta wani sinadari da take kashe gubar da shi nan take. Wannan ajiyar tana da iyaka. In maganin ya yi yawa sai ta ƙare, gubar ta koma cin hantar kanta. Yunwa tana rage ajiyar, tamowa tana rage ta, barasa tana rage ta, ciwon hanta ma haka. Kada kuma wani ya ce ciwon hanta ya yi nesa da shi. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Duk wanda aka taɓa ce masa yana da ita, ko idonsa ya taɓa yin shawara, kada ya riƙa shan farasitamol a kai a kai sai da shawarar likita.

Abin da ya fi muni a gubar nan shi ne shirunta. Wanda ya sha fiye da kima, ranar farko ba ya jin komai, ko dai ɗan tashin zuciya da amai. Mutanen gida su ce alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi. Sai kwana na biyu ko na uku ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya, hankali ya fara gushewa. A lokacin hanta ta riga ta tafi. Akwai makarin wannan guba a manyan asibitoci, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, kusan kilomita 100 ne, mutumin ƙauyukan Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka, balle da damina. Saboda haka in yaro ya samu kati ya tsotse, ko ya ɗaga kwalbar maganin ruwa ya shanye don zaƙinta, ko babba ya sha da yawa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ce bari mu gani zuwa safe. A ɗauki kwalin ko kwalbar, a tuna lokacin da ya sha, a nufi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe ko wanda ya fi kusa, su za su san ko a tura gaba. Ko yana tafiya da ƙafarsa yana dariya, a kai shi.

Akwai kuma wanda baƙin ciki kan sa ya sha da gangan, sau da yawa yarinya ce ƙarama da duniya ta yi wa ƙunci. Iyaye, wannan ba ranar faɗa ko duka ko ɓoye abin kunya ba ce. A ceci rai tukuna, sannan a zauna a saurare ta da tausayi. A Ingila tun 1998 doka ta hana kanti sayar wa mutum fiye da ƙwaya 16 a kwali, kantin magani kuma 32, kuma mace-mace ta wannan hanya ta ragu bayan haka. Mu a nan babu mai ƙidaya mana, sai mu ƙidaya wa kanmu: kada a tara kati-kati a ɗaki, abin da ke akwai kuma a sa shi sama inda hannun yaro ba ya kai.

Yanzu ga ku, 'ya'yana mata, don ku ne ke kwana zaune da yaro in jikinsa ya yi zafi. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Maganin ruwa da aka saba da shi yana da miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5. Yaro mai kilo 8 mililita 5 ne rabonsa, mai kilo 16 kuma mililita 10, ko rabin ƙwayar manya. Ba a wuce sau 4 a kwana ɗaya, kuma tsakanin kowane biyu a bar aƙalla awa 4. Na ce nauyi ban ce shekaru ba, domin a ƙasarmu akwai ɗan shekara 2 da tamowa ta mayar kamar ɗan wata 9, in aka ba shi na tsaransa an wuce masa iyaka. Duk sanda kika je rigakafi ko awo, ki tambayi nauyin ɗanki ki riƙe, ki ce ma'aikaciya ta nuna miki a jikin murfin awo ko sirinji inda za ki tsaya. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya ninka wani. Ki kuma lura da ƙaramar kwalbar jarirai da ake ɗigawa, wadda ke da miligiram 100 a mililita 1. Ƙarfinta ya kai ninki 4 na maganin ruwa na yau da kullum, in kika auna ta da murfi kamar wancan kin ba shi na sau huɗu a tashi ɗaya. Wani abu kuma da kan faru a gidan yawa: uwa ta ba yaro, kaka ta zo ta taɓa goshinsa ta ba shi, uba ya dawo daga kasuwa da sabuwar kwalba shi ma ya ba shi. Kowa ƙauna ce ta sa shi. A bar wa mutum ɗaya ba da magani, sauran su tambaye shi.

Jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, ba maganar farasitamol ba ce. Asibiti ne, ranar nan.

Sauran magungunan ciwo ma suna da nasu iyakar: Alabukun da sauran masu asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba, suna iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka rubuta wa Ibuprofen ko Diclofenac kuwa ba a shan su ciki ba komai, kuma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da yaron da amai da gudawa suka busar, duk su nisance su sai in likita ya ce.

Na zo ga hanya ta biyu, wato dogara da shi har cuta ta ci jiki, wadda ta fi cinye mana 'ya'ya. Zazzaɓi kamar haushin kare ne da tsakar dare. Farasitamol yana sa karen ya yi shiru, amma ɓarawon yana nan cikin garke. Ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro, ba ya taɓa taifot, ba ya taɓa ciwon huhu ko sankarau. Yaro ya sha, gumi ya karyo, ya tashi ya ɗan yi wasa, a ce ya warke. Da yamma zafi ya dawo, a sake ba shi. Kwana uku ana haka, cutar tana cinye masa jini a ɓoye, ranar huɗu a taho da shi tafin hannu fari fat, yana numfashi sama-sama, sai neman ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Najeriya suke, mu kuma masu zama kusa da fadama mun san rabonmu a ciki daga Yuli zuwa Oktoba. Uwa, ki ba yaro farasitamol ya samu sauƙi, babu laifi, amma kada rana ta sake fitowa ba a ɗiga jinin yatsarsa an gwada ba. Gwajin bai wuce minti 20 ba. In ya nuna akwai, a ba shi maganin kwana 3 irin su Coartem, a kuma shanye shi duka ko da ya warware a rana ta biyu. Maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida-gida da shi kowane wata da damina, na yara daga wata 3 zuwa shekara 5, ku karɓa, kuma na kwana biyun da ake bar muku ku ba da su, kada a jefa su bayan gado.

Da rani kuma sankarau ne. Manyanku suna tuna annobarsa ta 1996. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya taso daga Zamfara ya shiga Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja, sama da mutum 1,000 suka rasu. A farkon 2025 ya sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, maƙwabtanmu na kusa, ya kuma taɓa Tambuwal. Farkonsa ciwon kai ne da zazzaɓi kamar kowane, shi ya sa ake tarar sa da Panadol, alhali shi cikin kwana ɗaya ko biyu yake gama aikinsa. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi, wuya ya sandare, ido ba ya son haske, ko maɗigar jariri ta kumbura: a tashi nan take. Haka in yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, ko fitsarinsa ya yi baƙi. In jijjiga ta zo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali ko magani a bakinsa, kada a kanga ƙafarsa ga wuta. Babba ma in zazzaɓi ko ciwo ya wuce kwana 3 yana shan magani bai tafi ba, ya je a duba shi. Mai juna biyu da ciwon kai ya matsa mata, musamman in ƙafa da fuska sun kumbura ko tana ganin duhu-duhu, a auna jininta ranar, don yana iya zama hawan jinin da ke kawo jijjigar haihuwa.

Kakanni mata, ina girmama ku, amma ku yi mini haƙuri a kan maganar haƙori. Fitowar haƙori tana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai ƙarfi, ba ta kawo gudawa da amai. Yara da yawa sun tafi ana cewa haƙori ne. Wannan imanin ne ma ya buɗe kasuwar maganin haƙori. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya bayan sun sha wani mai suna My Pikin, wanda ke ɗauke da farasitamol amma aka haɗa shi da wani sinadari mai guba irin na man birki, ƙodarsu ta daina aiki. Kafin nan, a 1990, irin wannan guba a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 2022 ma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya ta maganin tari mai irin gubar. Ba farasitamol ɗin ne ya kashe su ba, gurɓataccen haɗi ne, amma darasin namu ne: a san inda ake saye. A duba lambar hukumar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace, a tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. Maganin da aka ɗora a tire ko a baro ana yawo da shi ranar kasuwa, cikin ranar da ta wuce digiri 40, ko na gaske ne zafi ya taɓa shi, don yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. In kuma yaro yana shan maganin ruwa sai fitsarinsa ya ɗauke, a dakatar, a tafi da shi da kwalbar.

Allura ma ba ta fi ƙwaya ba ga wanda ke iya haɗiya. Maganin ɗaya ne, sai ƙarin kuɗi da haɗarin ƙurji. Masu sayar da abinci da ke jefa farasitamol cikin tukunya don nama ko ganda su yi saurin nuna, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Ku ji tsoron Allah, wanda ya saya bai san me kuka ciyar da shi ba.

Ku kuma 'ya'yana masu kemis, a ƙauyuka da yawa ku ne ake fara samu kafin kowa, amana ce babba a wuyanku. Kafin ka miƙa, tambayi wa zai sha, shekarunsa nawa, kwana nawa yana ciwon, me ya riga ya sha. Ka bar magani cikin katinsa mutum ya ga sunansa. In ka ga abin ya fi ƙarfinka ka ce a wuce asibiti. Cinikin da ka rasa ranar nan Allah zai mayar maka, mutane kuma za su ƙara yarda da kai.

Magidanta, da ku zan rufe. Sau da yawa uwa ta gane tun da hantsi cewa jikin ɗanta ya wuce na farasitamol, amma maigida yana gona, ko ya tafi cin rani, babu izni babu kuɗin mota, sai ta ci gaba da ɗura masa tana jira. Kafin ya dawo dare ya yi, kuma kun san yadda tafiyar dare ta zama a wasu hanyoyinmu saboda halin tsaro. Ina roƙonku, kowa ya gaya wa iyalinsa tun yau, a gaban mahaifiyarsa ko wansa, cewa in yaro ya yi zazzaɓi an yarda ta kai shi asibiti ba sai an jira shi ba, ya kuma ajiye mata kuɗin babur da na gwaji a wuri sananne. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na gida da ba su iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya.